Dangwale

Babana bai tsallake katanga ba.
Shekara ashirin da biyu ina faɗa,
mutanen garinmu na cewa to, suna kallon ƙasa.
A wurin awon shinkafa, a bakin rijiya,
"ɗan wanda ya gudo" kan riga sunana isa.

Shi kuwa Nomau bai taɓa musu ba.
Ya dawo da dare, ya sha ruwa, ya kwanta,
da safe ya ɗauki lauje ya nufi fadama.
Har ƙasa ta rufe masa ido
bai ce ga yadda aka yi ba.

Ran Talata na hau kabu-kabu zuwa Bagudo.
Gandiroban bakin ƙofa ya ce, wa ka zo gani?
Na ce wanda ya fita.
Ya yi dariya har ya dafa bango:
nan masu shiga ake nema, ɗan samari.

Suka tura ni kotu, kotu ta ce alƙalin ya rasu,
magatakarda ya yi ritaya, yana kiwon zabi a Kaoje.
Na koma. Na rubuta takarda, na sake rubutawa,
don ta farko ba ta gaida wanda ya kamata ba.
Zuwa na huɗu aka ba ni benci
da Malam Arzika, akawu mai tabarau ɗaure da zare.

Ɗakin na warin jemage da tsohon ruwan sama.
Kundi bisa kundi, an ɗaure su da igiyar rama.
Gara ta cinye watan Maris ɗungurungum,
ta taɓa Afrilu, ta ƙoshi, ta bar mana saura.

Muka bi layi da yatsa.
Ga wanda ya saci akuya, wata uku.
Ga mai bashin taki. Ga wani Gado
da aka sallama ran jajibirin salla,
aka mayar masa da hula da takalmi wari guda.
Mutum nawa ke nan kwance cikin tawada,
kowa da ranar da aka ce masa tafi.

Nomau uku muka samu.
Ɗaya Numau, ɗaya Nomao, ɗaya an goge an gyara.
Akawu ya ce, zaɓi naka.
Na ce uba ba tumatir ba ne, Malam.

Sai na uku: rigimar iyakar gona, wata tara.
Kayan da aka mayar: riga ɗaya, naira sittin, carbi.
An sallame shi. Ya cika wa'adi.
A gefe, inda masu boko ke sa hannu,
dangwale ne, shuɗi, ya koɗe,
da farin layi ya raba shi biyu,
inda lauje ya taɓa cin babban yatsansa
shekarar da kogi ya shanye mana gona.

Yatsan da ke murza mini kunne.
Yatsan da ke ɓare mini gyaɗa.

Babu wuta, injin hoto ya mutu tun bara.
Malam Arzika ya kwafe da hannunsa,
ya hura wa hatimi iska, ya danna da ƙarfi.
Dangwalen bai kwafuwa, ya ce, sai dai ka kalla.
Na kalla har aka kira la'asar.

Na iso gida da takarda cikin leda.
Masu maganar, rabi suna maƙabarta,
sauran sun ce su ba su tuna sun faɗa ba.
Gwaggo Tumba kaɗai ta karɓa,
ta riƙe ta a juye, ta daɗe tana dubawa,
ta ce, ai na sani.
Ya ce mini ta ƙofa ya fito,
har gandiroba ya ba shi goro.
Ba wanda ya tambaye ni ne.